Haɗa Rajistar Tagwaye da Kundayen Gwamnati a Ƙasar Danmak

Tun cikin 1875 Francis Galton na Ingila ya lura cewa tagwaye za su iya taimakawa wajen raba wata tsohuwar gardama, wato ko gado ne ya fi tasiri a kan ɗan Adam, ko kuwa irin zaman da ya yi. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne kacokan, amma na ƙwai biyu kimanin rabi suka haɗa, tamkar wa da ƙane. Saboda haka idan wata cuta ta fi kama na farkon su biyu tare, to akwai hannun gado a cikinta.

Wahalar aikin ita ce bin sawunsu. Lokacin da Bent Harvald da Mogens Hauge suka kafa rajistar tagwaye ta Danmak a 1954, sai da aka tono sunayen waɗanda aka haifa tun daga 1870 cikin littattafan coci-coci, sannan aka bi su da wasiƙu. Wasiƙa kuwa sai mai rai ke amsa ta, shi ma in ya ga dama, kuma abin da ya tuna zai faɗa.

Al'amarin ya sauya a 1968, da gwamnati ta ba kowane mazaunin ƙasar lamba tasa ta kansa. Da wannan lamba ake haɗa sunan ɗan tagwaye da rajistar ciwon daji, wadda ke tattara bayanai tun 1943, da ta marasa lafiyan asibitoci ta 1977, da kuma ta mace-mace. Ko Hassan bai amsa wasiƙa ba, kundi zai nuna cutar da ta kwantar da shi, a gwada da na Husaini.

A shekarar 2000 aka buga wani nazari kan tagwaye haihuwa 44,788 daga Suwidin da Danmak da Finlan, wanda ya ƙiyasta rabon gado da kashi 35 cikin ɗari a ciwon dajin hanji, da kashi 27 a na mama. Wannan lissafi na jama'a ne gaba ɗaya, kuskure ne a ɗora shi kan mutum guda.

Sai dai akwai batun sirri. Tagwaye ba su da yawa, don haka ranar haihuwa da sunan gari kaɗai na iya tona asirinsu. Shi ya sa ake musanya lambar da wata kafin bayanan su isa hannun mai bincike, kuma tun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara sharuɗɗan.