Rogo, Jijiya Da Binciken Da Muka Manta

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa wasu iyali sun rasu bayan cin rogo, sai ka ji ana ta zancen sammu. Alhali gubar tana cikin rogon mai ɗaci da ba a sarrafa shi da kyau ba. Sunanta sayanayid, kuma inda take kai hari shi ne maitokondiriya, ƙananan ma'aikatun da ke samar da kuzari a cikin ƙwayoyin jikinmu.

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo suna cikin waɗanda suka fi dogara da maitokondiriya. Sau da yawa irin wannan jijiya tana naɗe da rigar kitse mai suna mayelin, gaɓa-gaɓa kamar rake. Tsakanin gaɓoɓin akwai 'yan gurabe tsirara da Bafaranshe Ranvier ya bayyana a 1871, kuma daga gurbi zuwa gurbi saƙo ke tsalle, har ya kai gudun mita 120 a daƙiƙa. A jijiyoyin hannu da ƙafa, maitokondiriya kan yi cincirindo kusa da waɗannan gurabe. A ƙwaƙwalwa da laka kuwa, galibinsu suna zaune ne a ƙarƙashin rigar. A jijiyar ido, sashen da ba shi da riga ya fi cika da su. Shi ya sa idan maitokondiriya suka samu rauni, gani na cikin abin da ke fara tafiya.

Abin takaici, ɗan Najeriya ya haska wannan hanya tuntuni, amma mun manta. A ƙarshen shekarun 1960, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya binciki talakawan da kusan ba su da abinci sai rogo: tafin ƙafa ya mutu, tafiya ta koma tangaɗi, ido ya dushe, kunne ya yi nauyi. Ya danganta cutar da sayanayid da ke shiga jiki kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, ga kuma ƙarancin abinci mai gina jiki. Ya rasu a 1995. Ɗalibai nawa ne yau suka san sunansa?

Tsadar hatsi kan tura gidaje da yawa ga rogo da garin kwaki. Malaman gona da jami'an lafiya su fito rediyo su faɗa da Hausa: a ɓare rogo, a jiƙa shi kwanaki, a zubar da ruwan, a shanya sosai, a haɗa da wake ko ƙuli. Wanda ƙafarsa ta fara mutuwa kuma, a kai shi asibiti tun da wuri, domin jijiyar da ta lalace ba ta cika dawowa ba.