Kai Yara Ganin Gida A Hutun Damina

Kowace shekara, idan watan Yuli ya doshi ƙarewa aka rufe makarantu don dogon hutu, akwai shawarar da kan tashi a gidajen ma'aikata, a Katsina ne, ko Kano, ko Kaduna. Shawarar kuwa ita ce, a kwashi yara a kai su ganin gida, ko kuwa a zauna birni har a koma karatu? Mun ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da malaman makaranta da akawuna, gama su ne aiki ya fi rabawa da garuruwansu. Za mu ɗauki Barkiya ta ƙasar Kurfi ta zama misali, amma wanda ya fito daga wani ƙauye na Dutsin-Ma ko Safana zai ga maganar tasa ce.

Shi wannan hutu gadonsa muka yi daga Turawa. A Ingila, Yuli da Agusta su ne watannin ɗumi, lokacin da magidanci kan ɗebi matarsa da 'ya'yansa zuwa garuruwan bakin teku irin su Bilakful, ya kama ɗaki da kuɗinsa, yara su yi ta wasa da rairayi. Da jadawalin ya iso mana sai ya faɗo a tsakiyar marka. Bature yakan tafi hutu inda ba wanda ya san shi, ya biya kuɗin kwana da na abinci. Bahaushe kuwa inda kowa ya san shi yake nufa, inda in ya ce zai biya kuɗin tuwo sai a ce ya yi zagi. To, daɗin tafiyar da nauyinta duk a nan suke.

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin da aka ba hutu sai ya jira babbar mota, iyali a bisa buhuna, in an yi ruwa a kwana a hanya. Yanzu daga Katsina zuwa Dutsin-Ma wajen kilomita 60 ne a kan kwalta, ana ratsa ƙasar Kurfi kafin a kai. Wanda ya yi sammako zai sha furar hantsi a gidansu. Yaro mai wayo ya kamata a riƙa nuna masa abubuwa tun a mota. A gaya masa wannan ƙasar Maradin Katsina ce, hakimin Kurfi, waccan kuma ta 'Yandaka ce, hakimin Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. A nuna masa duwatsun da garin ya sami suna daga gare su, waɗanda aka ce wani maharbi mai suna Ma ya zauna a kansu. Abin da yaro ya gani da idonsa ya fi zama a kansa bisa ga abin da aka rubuta masa a allo.

Amma kafin a hau mota akwai abin da muke so kowane ma'aikaci ya lissafa, domin mun lura da yawa ba su lissafa shi. Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ya fi yin ƙasa a duk shekara. Geron bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga kuɗin taki da na 'yan ƙwadago sun cinye abin da ke hannu. A daidai wannan lokaci ne ɗan birni zai sauka da mata da yara huɗu ko biyar, tsarabarsa burodi da alewa da sabulu. Tsoho zai yi murna, ya sa a kama zakara, gobe a kama wani. Ba zai taɓa buɗe baki ya ce abinci ya yi kaɗan ba, ko da zai kai ga sayar da akuya a ɓoye. Baƙi su yi mako uku su tafi suna yabon karamci, a bar masu gida da auna tiya tiya har kaka.

Saboda haka a ganinmu tsarabar damina hatsi ce. Buhun masara ko na gero, da man girki, da gishiri, su ne kan gaba, alewa ta biyo baya. A kuma san yadda za a miƙa su. In ka ce, "Baba, ga abin da za mu ci," ka kunyata shi a gidansa. In ka ce, "Baba, ga wannan a zuba wa masu noma," ko ka sa matarka ta shigar da shi ɗakin Inna ba tare da magana ba, ka rufa asiri biyu, nasa da naka.

To, mene ne yaro ke samu da ya isa a yi wannan ɗawainiya dominsa? Malamai sun fi mu sani. Akwai yaran da ke ajinku yau, 'ya'yan Hausawa gaba da baya, waɗanda ba su iya bambance karan gero da na dawa ba, ba su san maiwa ba, in aka ce firi ko maimai sai su zaci sunan mutum ne. A Barkiya cikin Agusta yaro zai ga gero ya yi ciki, gyaɗa ta rufe ƙasa, wake ya fara yaɗo. Zai bi 'yan'uwansa yankan ciyawar awaki, ya ci kwaɗon tafasa da na rama, ya sha nonon damina da ba a sirka da ruwa ba. Da dare in sama ta washe a fita dandali, 'yan mata na gaɗa, maza na langa. In hadari ya taso a koma ɗakin kaka a yi tatsuniya.

Har wa yau a can ne zai koyi zumunta, wadda ba a koyar da ita a aji. Ya san wane ne baffa, wace ce gwaggo, wane ne kawu, ya san taubashinsa da zai tsokana ba laifi. Kaka ta ce da jikanta, "Maigidana, ka zo hannu rabbana, ina kuɗin cefane?" Yaron birni ya tsaya ya rasa amsa, sai a koya masa ya ce ai ya sake ta, ya sami amarya a Katsina. Kwana uku ya ƙware. Nan ne kuma zai koyi durƙusawa in zai gaida manya, da cewa "Ina kwana, Baba" maimakon ɗaga hannu daga nesa kamar ɗan sanda.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce ta fi ba iyaye mata tsoro, kuma da gaskiyarsu. Damina lokacin sauro ce, zazzaɓinsa kuwa ya fi kayar da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Gidan sauro shi ne kaya na fari da za a ɗaure, kowane yaro da wurin kwanansa a ciki. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya kowane wata a cikin damina, a ƙasashe irin namu. A Nijeriya a Jihar Katsina aka fara shi, a 2013. Ana bi gida gida da shi, ana shan sa kwana uku a jere. Wanda zai yi tafiya ya riƙe katin yaronsa, in ya isa ya tambayi ma'aikatan asibitin garin ranar rabo, kada wata ya tsallake. A kuma tuna cewa ciwon yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu bayan cizo kafin ya bayyana. Yaron da jikinsa ya yi zafi bayan an komo birni, a kai shi a gwada jininsa ran nan, kada a ce gajiyar mota ce.

Kurkunu, wanda ya kwantar da kakanninmu a tsakiyar noma, an shaida Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Amma kududdufi bai bar halinsa ba. Wanka a ruwan da ke kwance shi ke kawo tsargiya, mai sa fitsarin jini, ban da haɗarin nutsewa ga yaron da bai iya iyo ba. Haka Madatsar Zobe, da aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, wurin kallo ce mai kyau, amma da damina cike take, hannun yaro ya kasance cikin na babba. Ruwan sha na ƙanana a tafasa shi, a tafi da ƙunshin gishirin zawo da ake samu a asibiti.

Akwai kuma abin da ba za mu rufe ba, ko da yake ba shi da daɗin faɗi. Shekaru da dama 'yan bindiga da suka fake a dajin Rugu sun addabi yammacin Katsina. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma. A waɗannan shekaru gidaje da yawa suka daina kai yara gida, har aka sami jikokin da ba su san kakanninsu ba sai a murya. Ba mu ga laifin uban da ya ji tsoro ba. Abin da muke cewa shi ne, labarin hanya a wurin mutanen gari ake jinsa, ba a teburin mai shayi na birni ba. A tambayi na gida mako guda kafin tafiya, a sake tambaya ran tafiya. In sun ce a zo, a yi tafiyar rana, a isa kafin la'asar, ba tare da shelar ranar zuwa ko ta komowa ba. In sun ce a dakata, a dakata, a aika da kuɗin mota tsohuwa ta zo birni ta yi mako biyu da jikokinta. Tsoho dai ba zai bar gonarsa a Agusta ba, kowa ya san wannan.

Wata 'yar magana ga magidanta. Kai kana gindin bishiya ana ta zuwa gaishe ka, matarka kuwa tana gidan surukai, ga kunya, ga icen damina mai hayaƙi, ga goyo. Hutun naka ne da na yara, ita aiki ta canja. In garinsu yana kusa, a raba kwanakin, ita ma ta je ta kwana ɗakin uwarta.

Game da yawan kwanaki, mako biyu ya ishi mai ƙananan yara. In da hali, a sa su a ƙarshen hutu maimakon farkonsa. Wajen farkon Satumba ruwa ya fara sauƙi, masara ta isa gashi, gero na fari ya fara nuna, nauyin baƙi ya ragu a kan masu gida. Yaran kuma za su ci tumu a gona, a gasa musu a wutar kara su murje da hannunsu, kafin a komo a shiga neman kuɗin littattafai da ɗinkin rigunan makaranta.