Kafin ka ce katin netwok ya mutu

Sa katin netwok a kwamfutar tebur ba wani aiki ba ne. Kashe ta, zare filogi, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki katin, musamman da hunturu, don wutar da jiki ke tarawa tana iya ƙona shi. Danna shi cikin ramin PCIe har ya zauna daram, ka ɗaure.

Inda ake shan wuya shi ne manhajar direba. Sauke ta a filashi tun da wuri; in Windows bai gane katin ba, da wane intanet za ka nemo ta?

Sai ka buga ipconfig. In adireshin ya fara da 169.254, to katin lafiya lau, DHCP ne bai amsa ba. Duba rauta, kar ka ɓata kuɗin abincinka wajen sayen sabo.