Fagen Fama A Cikin Akwati: Yadda Sojojin Amurka Suke Koyon Yaƙi Ta Layin Waya

A wannan wata mun ɗan kauce daga labaran gida, domin mu kawo muku bayanin wata dabara da ta sauya yadda ake horar da soja. Alal misali, ga soja huɗu a zaune cikin wani akwati a barikin Fort Knox na jihar Kentaki a Amurka, ga wasu huɗun a wani akwati a Grafenwöhr ta ƙasar Jamus, teku na tsakaninsu. Amma in kowa ya leƙa ta tagarsa sai ya ga tankar ɗan'uwansa tana tafe a gefensa, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya. Babu tanka, babu fili. Kwamfuta ce da layin tarho.

Mafarin abin wani hafsan sojan sama ne mai suna Jack Thorpe. A 1978 ya rubuta wata takarda yana ƙorafi cewa injinan koyon tuƙin jirgin yaƙi na wancan zamani sun cika tsada, har wani kan fi jirgin kansa kuɗi, kuma mutum ɗaya tak suke koya wa aiki. Alhali abin da ke kayar da runduna ba rashin iya tuƙi ba ne, rashin haɗin kai ne: wa ke dama, wa ke hagu, wa ya ji umarni, wa bai ji ba. A 1983 hukumar binciken makamai ta Amurka, DARPA, ta ba shi damar gwada tunaninsa, aka raɗa wa shirin suna SIMNET.

Thorpe bai nemi ya ƙera tanka sak ba. Cewa ya yi a saka abin da horon ke buƙata kawai, a bar saura. Saboda haka akwatin yana da mazaunin kwamanda, da na mai harbi, da na mai ɗura harsashi, da na direba, da ƙananan tagogi masu nuna hoton daji, da lasifika mai rugugin inji. Maɓallan da ba su shafi faɗa ba kuwa hotonsu kawai aka manna a bango. Ta haka kuɗi ya sauko, har ya zuwa 1990 aka samu akwatuna kimanin 260 a wurare 11 a Amurka da Turai.

To, yaya aka yi layin tarho na wancan lokaci, wanda bai kai ko kusa da intanet ɗin wayoyinmu na yau ba, ya ɗauki wannan kaya? A nan ne mu dai muka ga hikimar. Ba hoto ake aikawa ba. Kowane akwati yana da taswirar filin a cikinsa, shi yake zana abin da mutanensa za su gani. Abin da ke bin waya ɗan gajeren saƙo ne: ga inda nake, ga inda na nufa, ga saurina. Ku ɗauka kamar mai babbar mota ne da direbansa. Direba ya ce na tashi bayan asuba, ina tafiya kaza a awa. Maigida ba ya buƙatar waya kowane minti, da lissafi zai san inda motarsa take. Sai in taya ta fashe ko an sauya hanya direba zai sake kira. Haka akwatunan suke yi. Kowanne yana lissafa inda sauran suke, kuma tanka ba ta yin magana sai ta kauce daga inda ake zatonta, in ban da ɗan saƙon "ina nan" bayan 'yan daƙiƙoƙi. Babu wata uwar kwamfuta a tsakiya, don haka in akwati ɗaya ya lalace faɗa bai tsaya ba. Wannan tsari shi aka mayar ƙa'ida a 1993 da sunan DIS, domin injinan kamfanoni daban-daban su iya fahimtar juna.

Sai yaƙin Tekun Fasha ya zo. Ranar 26 ga Fabrairu 1991, cikin guguwar rairayi a kudancin Iraƙi, wani kyaftin mai suna H. R. McMaster da tankokinsa tara suka yi kiciɓis da dakarun musamman na Saddam Husaini. Cikin minti 23 suka ragargaza tankokin Iraƙi 28. Wurin ba shi da gari ko suna, sai aka kira faɗan da lambar layin taswira, wato 73 Easting. Bayan an tsagaita wuta aka tura masana filin. Suka bi sawun tankoki a rairayi, suka auna siraran wayoyin da makamai masu linzami suka bari a ƙasa, suka yi hira da sojojin, sa'an nan suka zuba duka a cikin SIMNET. Daga nan ɗalibin soja yana iya shiga faɗan, ya kalle shi ta idon ko wace tanka, har ya tambaya: da babu guguwa fa? Kada a manta kuma, a wannan yaƙi cikin sojan Amurka 148 da suka mutu a fagen fama, 35 wutar 'yan'uwansu ce ta kashe su. Irin ruɗanin da Thorpe ya yi magana a kai ke nan tun farko.

Sai dai wanda ya zaɓi abin da za a bari a waje, shi ya zaɓi darasin da za a koya. A cikin akwati babu ƙishirwa, babu tsoro, wanda aka harbe kuma yana tashi ya je cin abinci. Filin farko na SIMNET an zana shi ne domin tanka ta fuskanci tanka. Kasuwa, da masallaci, da mata masu ɗiban ruwa ba su cikin lissafi, alhali a tsakiyarsu aka yi yawancin faɗan Iraƙi da Afganistan daga baya.

Akwai kuma batun alƙalin wasa. A 2002 Amurka ta shirya wani gagarumin atisaye mai suna Millennium Challenge, wanda ya ci dala miliyan 250, ya haɗa mutum 13,500, wasu a fili da makamai na gaske, wasu a gaban kwamfuta a sansanoni masu nisa da juna. Aka ba wani tsohon Laftanar-Janar, Paul Van Riper, jagorancin ɓangaren abokan gaba. Tsohon nan ya ƙi amfani da rediyo don kada a saurare shi, ya riƙa aika saƙo ta hannun 'yan babur, kana ya sako makamai masu linzami da ƙananan kwale-kwale a lokaci guda. Kwamfuta ta lissafa cewa jiragen ruwan Amurka 16 sun nutse. Sai masu shirya atisayen suka tsayar da wasa, suka "tsamo" jiragen, aka ci gaba da wasu sababbin sharuɗɗa da suka ɗaure masa hannu. Hujjarsu ita ce akwai dubban soja na gaske da ke jiran nasu ɓangaren horon, ba za a sallame su a kwana na biyu ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta gamsar da Van Riper ba: ya ajiye jagorancin tun ba a gama ba, yana cewa an riga an rubuta wanda zai ci. Wata bakwai bayan haka, a Maris 2003, sojojin Amurka suka shiga Iraƙi.