Guzurin da Ɗan Tsako Yake Fitowa da Shi Daga Ƙwai

Kafin ɗan tsako ya ƙyanƙyashe a rana ta 21, yakan janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya. Wannan guzuri kan riƙe shi har kwana uku ko bai ci kome ba. Saboda haka a kwanakin farko sanyi ya fi yunwa haɗari, balle da hunturu. Jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. In babu uwa, sai a tanadar masa zafin digiri 32 zuwa 35 na Salshiyos.

Ruwa za a fara ba shi, a kasko marar zurfi mai tsakuwa, kada ya nutse. Tsakin gero zalla ba ya gina tsoka. A haɗa masa da garin ƙuli-ƙuli ko gara, domin yana bukatar furotin kimanin kashi 20 cikin 100.