Tururuwa, Makiyayiyar da ke Kiwo a Kan Furen Okid

Bahaushe bai yi wa dangin tururuwa kuɗin goro ba, kowanne ya san shi da halinsa. Akwai cinnaka, baƙi mai zafin cizo, wanda ake yi wa kirari da "ba ka san na gida ba". Akwai kiyashi, ɗan mitsitsi mai ɗaukar abin da ya fi shi. Akwai shazumami, wanda ba ya jin ƙanshin zaƙi ya wuce. Akwai kwarkwasa mai tafiya runduna guda, wadda in ta faɗo gida da dare sai masu ɗaki su bar mata ɗakin. Sai ita tururuwa, uwar tanadi, mai jan ƙwayar gero zuwa rami tun kaka. A shekarun yunwa a ƙasashen Sahel, mata sun sha tona gidanta su kwashe hatsin da ta tara, su sheƙe, su dafa wa yara.

Masana sun rubuta sunayen nau'o'in danginta fiye da 14,000. A 2022 wasu masu bincike suka ƙiyasta cewa tururuwan duniya sun kai tiriliyan dubu 20, wato kowane ɗan Adam ya tashi da kimanin miliyan 2.5. Duk wadda ka gani tana kai-komo a bakin aiki mace ce. Ba ta da kunne, da ƙafa take jin motsin ƙasa, da gashin-baki biyu na goshinta take sansanar hanya. Wadda ta fara cin karo da abinci takan koma gida tana shafa wani ƙanshi a ƙasa, sauran su bi sawu, kowace ta ƙara nata, har hanya ta zama titi. Tana kuma da wata 'yar jaka a ciki wadda take cikawa da ruwan zaƙi ta kai wa na gida, ta ɗura musu baki da baki.

Jama'a mai wannan yawa ba inda ba ta leƙawa, har tukunyar furen okid da aka saya da tsada aka ajiye a bakin taga. Okid babban dangi ne, nau'insa ya kai wajen 28,000, kuma da yawansu a dawa ba a ƙasa suke tsira ba, a jikin bishiya suke maƙalewa, saiwarsu na shan iska da raɓa. Wanda aka fi ajiyewa a gidaje shi ne Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya. Afirka ma tana da nata, kamar Ansellia mai fure ɗige-ɗige irin na damisa, wanda aka sa wa sunan John Ansell, mai aikin lambun da ya tsinto shi a tsibirin Fernando Po lokacin balaguron Kogin Kwara na 1841. Shuka ce mai nawa: Phalaenopsis ganye ɗaya ko biyu yake fitarwa a shekara. Shi ya sa tabo ɗaya a ganye kan hana mai shi barci, kuma da ya ga tururuwa na hawa da sauka sai ya ce ya kama mai laifi.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Tururuwar da ke hawa okid ba ta cin ganye, ba ta cin fure. Kiwo ta zo yi, kuma garkenta na ɓoye a inda ido ba ya kaiwa.

Manomin dawa ya san darɓa, ya san yadda ganye kan yi danƙo da ƙyalli in ta sauka. Abin da ke faruwa ke nan a jikin okid. Akwai ƙananan ƙwari masu baki kamar allura da ke huda ganye su tsotsi ruwan jikinsa. Wannan ruwa sukari ya yi masa yawa, sinadarin gina jiki kuwa kaɗan ne, don haka dole ƙwaro ya sha fiye da cikinsa, ya fitar da ragowar ta baya, ɗigo-ɗigo, mai zaƙi. Tururuwa na zuwa ta shafa bayansa da gashin-bakinta, ya sako ɗigon, ta shanye. Tun a ƙarni na 18 masanin halittu Linnaeus ya kira ƙwaron darɓa saniyar tururuwa, kuma a 1810 Pierre Huber, mutumin Janiba, ya bayyana yadda tatsar take dalla-dalla.

Dabbobin wannan garke iri uku ne. Na farko farin ƙwaro mai laushi, lulluɓe da wani abu kamar auduga, wanda ke laɓewa a hammatar ganye, da ƙarƙashinsa, da bayan fure, wani lokaci har cikin saiwa. Na biyu ƙwaro mai ɓawo, ruwan ƙasa, wanda ke manne wa ganye ba ya motsi, har mutum ya ɗauka tabo ne, sai ya sa farce ya ga ya ɓamɓaru. Na uku shi ne ƙwaron darɓa kansa, kore ko baƙi, mai son sabon toho da ƙullin furen da bai buɗe ba. Ladan tururuwa zaƙi, aikinta gadi. Tana korar jan ƙwaron nan mai ɗige-ɗige da ƙananan zanzaro waɗanda su ne ke cinye masu tsotson. Tana share musu wuri kada danƙon ya kashe su. Wasu tururuwan ma sukan ɗauki ƙanana a baki su kai su sabon ganye.

Kiwon ya daɗe. A dazukan Malesiya akwai wata tururuwa, Dolichoderus cuspidatus, wadda ba ta da gida na dindindin. In tohon da garkenta ke sha ya tsufa, sai ta kwashi garken da 'ya'yanta a yi ƙaura. Akwai kuma Acropyga, wadda ke ƙara wa karin maganar nan haske, cewa in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi. Masu fiffiken da ke fitowa bayan ruwan sama maza ne da 'yan matan da za su zama iyayen gida. Mazan kam karin maganar ta same su, domin da an gama barbara a sama sai mutuwa. Macen kuwa ta sauko, ta karye fiffikenta, ta haƙa rami ta kafa sabon gari. An taɓa samun wata, ta wani nau'in dabam, da ta rayu kusan shekara 29 a hannun wani mai bincike a Jamus. Ita 'yar Acropyga ba ta tashi hannu rabbana: da farin ƙwaro guda a bakinta take tashi, ya zama jarin sabon gida. An ga irin wannan a cikin daskararren ƙaron bishiya mai shekaru miliyan 15 zuwa 20.

Abokin ɓarawo dai ɓarawo ne, kuma manoman koko a Gana sun ɗanɗana. A 1936 aka fara ba da rahoton cutar kumburin reshe a gabashin ƙasar. Masu bincike a garin Tafo suka gano ƙwayar cuta ce, farin ƙwaron nan ke ɗaukarta daga bishiya zuwa bishiya, tururuwa kuma na gina masa 'yar rumfa tana gadinsa. Bishiyoyin koko fiye da miliyan 200 aka sare a yaƙi da cutar.

Duk da haka, a yi mata adalci. Lafiyayyen okid da kansa yakan tsatso da ruwan zaƙi a jikin sandar fure da gindin ƙulli, ɗigo garai-garai, babu ƙwaro ko ɗaya. A dawa wannan toshi ne ga tururuwa don ta kore masa masu cin toho. Wani okid na ƙasashen da ke tsakanin Meziko da Benezuwela, Myrmecophila, har ɗaki yake ba ta: karansa mai kumburi rami ne a ciki, da 'yar ƙofa a gindi. Tururuwa ta tare, ta riƙa zuba sharar gidanta da gawar ƙwari a ciki, shukar na tsotsar taki daga nan. Saboda haka ganin tururuwa tambaya ce, amsar tana ƙarshen layinta.

To, a bi layin. In ya ƙare a kan ɗigo mai tsabta a sandar fure, ganye kuma kore shar, babu komai. A goge da jiƙaƙƙen ƙyalle. In ya ƙare a hammatar ganye ko ƙarƙashinsa, ga danƙo, ga ɗigon rawaya a saman ganyen, to garke na nan. Baƙin da ke shimfiɗuwa a ganye kamar kunkunniya, naman gwari ne da ke tsira a kan danƙon. Bai shiga jikin ganye ba, yana goguwa, illarsa tare haske. In ƙullin fure ya murɗe ko ya yi rawaya ya faɗi, a duba bayansa ko darɓa ta taru. In kuwa layin ya nutse cikin tukunya, ana fitowa da ɗan gari-gari, tururuwa ta yi gida a ciki. Galibi hakan na nufin ɓawon itacen da aka dasa shukar a ciki ya ruɓe, ko kuma farin ƙwaro ya sauka saiwa.

Akwai cututtukan da tururuwa ba ta da labarinsu, kuma kada a ɗora mata jakar tsaba. Ganyen ƙasa guda ɗaya ya yi rawaya ya faɗi, tsufa ne. Ganye ya yi yaushi ya tattare alhali ana ba da ruwa kullum, saiwa ce ta ruɓe don yawan ruwan. Lafiyayyiyar saiwa tauri gare ta, fara-fara in ta bushe, koriya in ta jiƙe, matacciya kuwa baƙa ce mai lugub. Babban tabo fari ko baƙi a gefen da ke kallon taga, ƙunar rana ce. Ƙasan ganye ya yi fari-fari kamar azurfa, aikin wani mitsitsin gizo ne mai son busasshiyar iska, shi kuwa ba ya fitar da zaƙi, don haka ba mai gadinsa. Huji a fure da sawu mai yauƙi, dodon koɗi ne ya yi yawon dare. Ƙananan ɗigo ruwan ƙasa a fatar fure, laima ce da rashin iska. Ƙulli kan zube saboda iskar hunturu, ko hayaƙi, ko sauya wa tukunya wuri, ko ajiye ta kusa da ayaba da mangwaron da ke nuna, domin suna fitar da wata iska mai tsofar da fure. Zane-zane da zobe-zobe a ganye kuwa na iya zama ƙwayar cutar da almakashi ko reza ke yaɗawa, wadda ba ta da magani, sai dai a ƙona bakin ƙarfe da wuta kafin a taɓa wata shukar.

In an tabbatar da garke, a fara da ware tukunyar, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. A tsoma auduga a sifirit irin na kemis, mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya a goge, har cikin lungu; mai ɓawo a kankare shi da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Sannan a fesa ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya da aka sirka da ruwa, da yamma ko a inuwa, don mai da rana in sun haɗu ƙona ganye suke yi. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, nan ruɓa ke farawa. Sau ɗaya ba ya isa: ƙwai da ƙanana na tsira, sai a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, sau uku ko huɗu. In saiwa ta kamu, a zazzage tsohon ɓawo a zubar, a yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, a wanke tukunya, a sake dasawa cikin sabon ɓawon itace da gawayi ko ɓawon kwakwa. A rage takin da ke sa ganye ya yi taushi, shi ƙwarin suka fi so. Sabuwar shuka kuma ta yi mako uku ko huɗu ita kaɗai kafin ta shiga cikin 'yan'uwa.

Saura ita makiyayiyar. Tururuwa ba ƙaramar daraja gare ta ba a wurin Musulmi. Sura ta 27 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, saboda wadda ta hango rundunar Annabi Sulaimanu ta gargaɗi 'yan'uwanta su shige gidajensu kada a tattake su. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas hanin kashe ta, tare da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu, ko da yake malamai sun yi sauƙi a kan wadda ke cutarwa. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙone garinsu duka, Allah Ya yi masa faɗa a kan hallaka al'umma mai tasbihi saboda laifin guda.

Abin sha'awa, dabarar lambu ma nan ta dosa. Feshin guba a kan layin tururuwa 'yan aike kawai yake kashewa, uwar gida na can cikin rami tana zuba ƙwai, ƙwarin kuma na nan suna tsotso: an kashe maciji ba a sare kai ba. In ta yi gida a tukunya, a nutsar da tukunyar cikin bokitin ruwa na kamar rabin awa, za ta kwashi 'ya'yanta ta fice, sai a tsane ruwan sarai. A sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa, a janye ganye daga jikin bango da labule don kada su zame mata gada. Da zarar zaƙi ya yanke, da ƙafarta za ta nemi wani wurin, domin ba ta ɓata tafiya a inda babu riba.

Bayan nan sai ta koma ma'aikaciyar da ba a biya. Idon mutum ba ya ganin ƙwaro ɗaya da ya saura a hammatar ganye, ita kuwa tana jin ƙanshinsa. In bayan wata guda ka sake ganin layinta ya miƙe zuwa ganye guda, kada ka yi saurin ɗauko abin feshi. Ɗaga ganyen, ka duba ƙarƙashinsa.