Yadda gishiri da kanwa a ƙasa ke dakushe harawar dabbobi

Harawar wake da ta gyaɗa na daga cikin abincin da masu kiwo suka fi dogara da shi a lokacin rani, saboda yawan furotin da ke cikinta. Sai dai waɗannan tsirrai dangin wake, har da lablab da alfalfa, ba sa jure wa ƙasa mai gishiri ko mai kanwa kamar yadda wasu ciyayi ke yi.

Taswirar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2021 ta nuna cewa matsalar ta shafi fiye da hekta miliyan 833 a faɗin duniya.

Ta fi ƙamari a yankuna masu zafi da ƙarancin ruwan sama, irin kewayen Tafkin Chadi, da kuma filayen noman rani marasa magudanan ruwa, inda rana ke ƙafar da ruwa, gishiri ya saura a gona.

Idan gishiri ya yawaita, saiwa kan kasa zuƙar ruwa ko da ƙasar na da danshi. Iri kan jinkirta tsirowa, shuka ta tsumbure, gefen ganye ya ƙone.

Juriyar tsirran ta bambanta. A ma'aunin gishirin ƙasa da masana ke amfani da shi, amfanin alfalfa kan fara raguwa daga maki 2, na gyaɗa daga 3.2, na wake kuwa daga 4.9.

Ƙasa mai kanwa kuma tata illar daban ce. Sinadarin sodiyam kan sa ta daskare idan ta bushe, ta yi danƙo idan ta jiƙa, har ruwa da iska su kasa ratsa ta. Idan ma'aunin pH ya haura 8.5, shuka kan rasa sinadarin ƙarfe da zink, sabbin ganye su koma rawaya.

Babbar asarar tana ƙarƙashin ƙasa. A jikin saiwar dangin wake akwai ƙananan ƙullutu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke samar wa shuka naitirojin daga iska. Gishiri da kanwa kan rage yawansu da aikinsu, don haka harawa ta ragu, gonar kuma ta rasa takin da take samu kyauta.

Manomin da ya ga ganye ya yi rawaya kan ɗauka rashin taki ne, alhali ƙarin takin zamani na iya ƙara gishirin.

Mafita ita ce a fara gwada ƙasar. Mai gishiri ana wanke ta da ruwa mai kyau bayan an haƙa magudana. Mai kanwa kuwa sai an zuba mata jibsam da takin gargajiya kafin wankin. Rufe gona da karmami ma na rage tasowar gishiri.